Ajiye bayanan asibiti a waya: akwai wanda ya gwada ya ga amfaninsa?

Sabo Mai Shinkafa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah a yi min bayani dalla-dalla, ni bokona bai yi nisa ba. Tsohuwarmu tana fama da hawan jini da suga, yau shekara shida ke nan. Katin asibiti da takardun gwaji da na magani duk a leda ɗaya take tara su, ta cusa a ƙasan adaka. Ambaliyar 2022 da ta ci mu a nan yankin Auyo, ruwa ya shiga ɗakin, takardun suka manne da juna suka zama dame. Waɗanda muka sake tarawa daga baya kuma gara ta raba gadonsu.

Makon jiya jikin ya motsa, na kai ta Haɗeja. Likita ya tambaye ni wane magani take sha, na ce wani ɗan fari ƙarami da safe, da wani babba bayan ta ci abinci. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, ai rabin magungunan duniya farare ne." Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka dawo, ɗan yayana da ke karatu a Dutse ya sa min wata manhajar lafiya a waya. Ya ce in riƙa rubuta sunayen magungunan da awon jininta a ciki, in ɗauki hoton duk takardar da aka ba mu. To abin da nake so in sani: likitocinmu suna yarda su duba waya kuwa, ko za su ce raini ne? In wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa a gona, ba mun koma gidan jiya ba? Sannan ban da ni, wa ke ganin abin da na zuba a ciki?

Direban Maigatari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Iya lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Walida:
Amin. Malam Sabo, ni ban san wata manhaja ba, amma hoto kam na ga ranarsa. Katin rigakafin Walida ƙanenta ya yayyaga, ya jefa rabi a randa. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023 aka zo ana tambayar wa aka yi wa allura wa ba a yi wa ba. Allah ya taimake ni na taɓa ɗaukar katin a hoto na tura wa babanta ta WhatsApp sanda yana Legas. Malamar ta duba ta ga ta sati shida da ta sati goma da ta sati sha huɗu duk an yi, ta rubuta min sabon kati. Maƙwabciyata da ba ta da komai a hannu, sai rantse-rantse take yi, su kuma ba sa rubuta rantsuwa a rajista.

Baffa Jauro:
Ni dai ban ga abin da waya za ta yi wanda littafin makaranta mai shafi arba'in ba zai yi ba. Littafi ba ya neman caji, ba ya neman data, ɓarawo ba ya sha'awarsa. Ka saya, ka ba yaro ya rubuta, ka sa a leda ka rataya a sama inda ruwa ba ya kai.

Kachalla Birniwa:
Jauro, kai da ko shekarun 'ya'yanka ba ka sani ba, amma ka san ranar haihuwar kowace saniya. Ka fara buɗe wa mutanen gida littafi tukuna.

Baffa Jauro:
Babarbare, manya na magana bawa ya sa baki. Je ka ɗauko min buta.

Malamin Asibitin Ƙauye:
To ni zan amsa tambayar farko, tunda a kujerar nake zaune kullum. Ba likita ba ne ni, jami'in lafiya ne a ƙaramin asibiti, ko da yake mutanen gari Dakta suke ce min. Muna duba waya, kuma muna jin daɗi in an nuna mana. Abin da ba ma so shi ne layi ya kai bakin ƙofa, mutum ya tsaya yana ta shafa fuskar waya yana wuce hotunan biki da na suna yana cewa "yanzu zan gano shi". Minti biyar sun tafi, bayansa mace ce da yaro jiki rau da zazzaɓi.

Abin da nake buƙata bai fi a rubuta a tafin hannu ba: sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa ake sha, tun yaushe. Ɗan farin nan da kake faɗa zai iya zama amlodipine, shi kuma akwai mai 5 akwai mai 10. Babban na bayan abinci wataƙila metformin ne. Na ce wataƙila, don ba a ba da magani da wataƙila. In na san amlodipine take sha, ta zo min da kumburin ƙafa, zan fara tunanin ko maganin ne ya kawo, kafin in tayar muku da hankali da zancen ƙoda ko zuciya. Haka mai shan lisinopril in ya zo da busasshen tari. Mutum nawa suka ƙarar da kuɗinsu a maganin tari alhali ƙwayar hawan jinin ce kawai za a canza musu?

Abu mafi girma kuma shi ne maganin da jiki ba ya karɓa. Na taɓa ganin mai ciki da Septrin ya taɓa yi wa illa tana budurwa, fatar bakinta duk ta saɓule. Ba ta faɗa ba, ba a rubuta a ko'ina ba. Ta zo awo aka ba ta Fansidar kamar yadda ake ba masu ciki don zazzaɓin cizon sauro, ashe su biyun dangi ɗaya ne, duk akwai sinadarin salfa a ciki. Allah ya sa da sauran kwana, amma ta sha wuya. Layi ɗaya a kati ko a waya da ya hana wannan.

Sabo Mai Shinkafa:
Dakta na gode. Na duba kwalin yanzu, amlodipine ne kuwa, 10 aka rubuta. Kuma ƙafarta tana ɗan kumbura da yamma, mu muna cewa zama ne.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Kada ka tsayar mata da shi da kanka. Ka faɗa wa likitan da ke ganinta, shi zai san abin yi.

Habu Mai Caji:
Ni tambaya ta biyu ce tawa, don shekara tara ina sana'ar caji da ɗan gyare-gyare a bakin kasuwa. Malam Sabo, manhajojin nan kashi biyu ne. Akwai wadda komai a cikin wayar take ajiyewa, wayar ta mutu bayanan sun bi ta kabari. Akwai wadda ke kwafewa ta ajiye a intanet a ƙarƙashin imel ɗinka, in ka sayi sabuwar waya ka shiga da imel ɗin komai ya dawo. Ka tambayi yaron naka wacce iri ya sa maka.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Cikin mutum goma da ke kawo min waya, da wuya ka sami biyu da suka san imel ɗinsu balle lambobin sirrinsa. Ranar da aka sayi wayar yaron shago ya buɗe musu, ya sa abin da ya ga dama, shi ma ya manta kafin la'asar. Waya ta rikice, a yi mata filashin, sai mutum ya tsaya a kaina yana salati wai hotunansa. Ina zan samo maka su? Google na ba kowa wurin ajiya kyauta har giga 15, ya ishi takardun asibitin gidanku kaf har jikoki, amma ɗaki ne mai kwaɗo, in ka yar da makulli shi ke nan. Kuma sun sanar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba suna iya goge shi.

Sai layi. In ka bar layinka ya daɗe ba ka amfani da shi, kamfani na iya sayar wa wani da lambar. To da wannan lambar ce ake dawo maka da imel in ka manta, kuma a kanta WhatsApp ɗinka yake. Na ga wanda ya tafi cirani Nijar ya dawo ya tarar da lambarsa a hannun wata mata a kudu.

Direban Maigatari:
Habu ka manta da masu ƙwace. Ka shiga birni da marar lafiya, kana tsaye a bakin titi da magariba kana neman adaidaita, a raba ka da wayar da tarihin Iya gaba ɗaya. Ni shi ya sa in zan shiga Kano rakani-kashi nake ɗauka, babbar tana gida.

Kachalla Birniwa:
To ka ga an zo wurin. Wayar da bayanan ke ciki tana gida don tsoron ɓarayi, marar lafiya yana asibiti. Amfanin me ta yi?

Sista Mai Awo:
Kachalla ya taɓo abin da ni ya fi damuna, kuma ban ga wanda ya faɗe shi sosai ba. A ƙauye wa ke riƙe da babbar waya, wa ke kawo marar lafiya? Ba mutum ɗaya ba ne. Waya tana aljihun maigida, shi yana gona ko kasuwa ko Fatakwal. Wadda ke zuwar min da tsakar dare mace ce tana naƙuda, da uwar miji da wata tsohuwa mai riƙe da fitila. Na tambayi katin awo, an baro shi a cikin kwalla. Na tambayi haihuwa ta nawa, tsohuwa ta ce biyar, ita ta ce shida, ashe ɗaya ɓari ne ba sa lissafa shi. An taɓa yi mata aiki? Sai na ɗaga zane na gani da idona.

Akwai abubuwan da ba na iya gani da ido. Rukunin jini, misali. Matar da jininta negetif ne, irin O negetif, in jaririn fozitif ne akwai allurar da ake so a yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. In ba ta sani ba, ba a rubuta ba, sai ka ga ana ta asarar 'ya'ya ana cewa wabi ne ko iska. Haka wadda ta taɓa jijjiga a haihuwar baya, ina so in sani tun tana shigowa, ba sai ta fara ba.

Don haka ni shawarata ga mata, katin awo ya zauna a cikin jakar kayan haihuwa tun wata bakwai. Hoton waya ƙari ne. Kuma a ɗauki hoton sikanin da wuri, don irin takardar nan mai santsi gogewa take yi, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga fari fat kamar ba a taɓa buga komai ba.

Maman Walida:
Wallahi Sista gaskiya ne, na cikin Walida yanzu ba a ganin komai sai inuwa.

Ɗan Jami'a Gumel:
Akwai kuma matsalar a kawo mutum asibiti wayarsa a kulle, amma tana da magani. Yawancin wayoyin Android, har da su Tecno da Infinix da muke riƙewa, suna da wurin bayanan gaggawa a cikin saiti. Za ka rubuta rukunin jini, cutar da kake da ita, maganin da ba ka sha, da lambar wanda za a kira. Ko wayar na kulle, in aka taɓa wurin kiran gaggawa za a gani. A iPhone ma akwai, cikin manhajar Health. A Amurka har asibitoci ke tura sakamakon gwaji kai tsaye cikin wannan manhajar, mutum na kwance a gida zai ga nasa.

Baffa Jauro:
A Amurka ka ce. Mu nan sai ka hau kan juji kafin sabis ya kawo sanda ɗaya.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Ɗan Jami'a, abin da ka faɗa yana da kyau ga mai wayar, kamar Direba in Allah ya kiyaye aka yi hatsari. Amma ka lura, wayar Sabo ce, ciwon na Iya ne. In ya cika wurin nan da bayanan Iya, ranar da shi aka kwaso shi a sume sai a ɗauka shi ne mai sugar. A kiyaye wannan. Kuma in faɗa maka gaskiya, ban taɓa ganin ma'aikacin da ya tsaya laluben wayar wanda aka kawo a sume ba. Jijiya muke nema mu sa ruwa.

Gwaggon Yara:
Ku yi haƙuri zan shigo da tambayar Malam Sabo ta uku, don duk kun tsallake ta. Ku maza kuna maganar caji da ɓarayi, mu abin da muke tsoro yana cikin gida. Waya a gidan yawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Yara su ɗauka su yi wasa, ƙanin miji ya ara ya kira, kishiya ta ce bari in ga hotunan bikin nan. Wata 'yar uwata ta yi gwajin ciwon hanta, aka ce tana da shi, ta ɗauki takardar a hoto don ta nuna wa wani ɗan uwanmu ma'aikacin lafiya. Hoton ya zauna a cikin sauran hotuna. Abokiyar zamanta ba ta iya karatu ba, amma 'yarta 'yar sakandare ta iya. Kafin sati ya zagayo an ware mata kwano da moɗa, gari ya ɗauka wai ƙanjamau ne. Har yau ba ta gama wanke kanta ba.

Takarda a ƙasan adaka, mutum sai ya shiga ɗakinka ya ɗaga kayanka kafin ya gani, kuma in an kama shi ya san ya yi abin kunya. Hoto kuwa da yatsa ɗaya ake tura wa mutum ɗari.

Sista Mai Awo:
Gwaggo kin faɗi gaskiya. Akwai matan da ke barin katin tazarar haihuwa a wurina, su ce in ajiye musu a durowa, ko gida ba sa so ya je. Irin waɗannan ba zan taɓa ce musu su sa a waya ba. Kuma don a sani, ciwon hanta irin na B ba a ɗaukarsa ta kwano ko moɗa, ta jini ne da saduwa da kuma uwa zuwa jariri. An zalunce ta ne kawai.

Habu Mai Caji:
A nan manhaja ta fi hoto zube. Mai kyau tana da nata makulli daban, ko lamba ko zanen yatsa, kuma hoton da ka ɗauka a cikinta ba ya fita cikin sauran hotuna. Sannan in za ku kawo gyara, ku daina ba mu lambar buɗe waya in ba dole ba. Ni ina tsoron Allah, amma ba zan rantse wa kowa ba. Na san abin da yara ke yi a wasu shaguna in mai waya ya ce "zan dawo bayan azahar".

Ɗan Jami'a Gumel:
Ta fuskar doka, akwai Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ce sirrin majinyaci amana ne a kan asibiti. Sai dai manhajar da wani ya ƙirƙira a wata ƙasa, ka sauke kyauta, ka danna "na yarda" ba ka karanta ba, in ta sayar da bayananka ga masu talla, a wace kotu za ka kai ƙara daga Auyo? Ni abin da nake dubawa kafin in sauke: me take nema? Manhajar rubuta awon jini in ta ce sai ta ga lambobin mutanenka da saƙonninka, goge ta.

Bala Kemis:
Tunda ana maganar manhaja, don Allah a ja kunnen mutane kan waɗda ake ɗora yatsa a fuskar waya wai ta auna hawan jini ko suga. Ƙarya ce tsagwaronta. Wani dattijo ya daina sayen maganinsa wata biyu, na tambaye shi, ya ce ɗansa na auna shi kullum a waya yana nuna 120 bisa 80. Na ɗaura masa na'ura ta gaske, abin da na gani sai da na ce a ɗauko mashin a kai shi asibiti. Waya ba ta awo, rubutawa kawai take yi. Awo sai da abin ɗaurawa a dantse, suga kuma sai an huda yatsa.

Sabo Mai Shinkafa:
Subhanallahi. Bala, ai ni ma na ga irinta na yi niyyar saukewa. Tawa dai ta rubutawa ce. Amma ga wata matsala, jiya na auna sugar Iya da safe na'ura ta nuna 140, na sa a manhajar sai ta yi ja tana gargaɗi kamar za ta fashe. Iya kuwa tana zaune tana tsinke zogale.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Mudu ne ya bambanta. Awon suga iri biyu ne, kamar tiya da mudu. Wata na'ura tana ba da manyan lambobi irin 126, wata ƙanana irin 7, kuma duk abu ɗaya suke nufi, ka raba babbar da 18 ka sami ƙaramar. Na'urarka mai manya ce, manhajar an saita ta a kan ƙanana, shi ya sa ta zaci Iya ta zama rake. Ka ba yaron ya gyara saitin. 140 kafin karyawa ya ɗan hau, ka rubuta da ranar da lokacin, ka nuna wa likita. Kuma kullum ka sa ko kafin cin abinci ne ko bayansa, in ba haka ba lambar ba ta gaya mana komai.

Kachalla Birniwa:
Ni abin da ya ba ni dariya da na gwada, wai sai na sa ranar haihuwar babata. Na tambaye ta, ta ce shekarar da aka yi fara, da kaka. Na sa mata 1 ga Janairu kamar kowa.

Sista Mai Awo:
Kachalla ka bar dariya, sunaye ma haka. Mace ɗaya, a katin awo Hauwa, a katin ɗan ƙasa Kulu, a gida Jummai. Ka tambaye ta sunan miji ta sunkuyar da kai, sai 'yar rakiya ta faɗa. In za ku rubuta, ku rubuta sunan da ke jikin katin asibiti da lambar katin. Lambar nan ita ce kan gaba. Fayil in ya shige cikin dubbai, da lamba ake zaƙulo shi, ba da "Iya ta gidan Sarkin Noma" ba.

Abu Sadiƙu:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni 'ya'yana biyu masu sikila ne, kuma zan iya cewa waya ta sauƙaƙa min rayuwa, amma ba ta hanyar da ake zato ba. Na gwada manhaja uku, duk na watsar. Turanci ya yi yawa, talla ta yi yawa, ɗaya kuma bayan wata guda ta ce sai na biya. Abin da na koma yi: na buɗe rukuni a WhatsApp, daga ni sai uwarsu sai ƙanena da ke Kano. Ba a gaisuwa a ciki, ba a tura wa'azi, ba barka da Juma'a. Takardar asibiti kawai, da ɗan rubutu a ƙasa: sunan yaro, rana, abin da aka yi. In an ƙara jini mu rubuta leda nawa da yawan jininsa kafin a ƙara. Uwarsu ba ta rubutun boko sosai, sai ta yi magana ta tura, ni in mayar rubutu da dare.

Ranar da ciwon ya tashi wa babban ina Wudil ranar Juma'a wajen shanu, ita ta kai shi asibiti, aka tura su asibitin Malam Aminu Kano. Ƙanena ya tare su a can da komai a wayarsa. Likitan ya ga yawan jinin da yaron ya saba zama a kai, ya ga ranar ƙarin jini na ƙarshe, bai ɓata lokaci ba. Waya uku ne, in ɗaya ta faɗa rijiya biyu na nan.

Abu ɗaya da na koya da wuya: WhatsApp na rage ƙarfin hoto, ƙananan rubutun gwaji sai su dushe. Ka shimfiɗa takardar a waje da rana, ka ɗauka daga sama, ka buɗe ka tabbatar ana karanta lambobin kafin ka tura.

Gwaggon Yara:
Abu Sadiƙu, Allah ya ba yara lafiya. Naka ya yi kyau don ciwon ba abin ɓoyo ba ne kuma kanku haɗe yake. Ba kowane gida ba ne haka.

Alaramma Na Tsangaya:
Allah ya saka wa kowa. Ina so in ƙara abu biyu. Na ɗaya, sirrin marar lafiya amana ne, ko mahaifiyarka ce. Malam Sabo, ka tambayi Iya ta yarda a ɗauki takardunta a tura wa wane da wane? Tsofaffi suna da abin da ba sa so 'ya'yansu su sani, balle jikoki. Na biyu, tunda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, mu masu ɗaurin aure muna ganin sabon salo. Waliyyi ya zo ya miƙo waya wai ga sakamakon a hoto. Ni ba na karɓa. Hoto ana iya gyara shi, AS mai ɗauke da ƙwayar sikila ta koma AA marar ita cikin minti ɗaya a hannun yaran nan. A kawo takarda mai hatimi.

Abu Sadiƙu:
Allah gafarta Malam, ka riƙe wannan da kyau. Da an yi mana gwajin nan kafin aure da ban san hanyar ɗakin ƙarin jini ba.

Bala Kemis:
Wani abin da ba a rubutawa, a waya ko a littafi, shi ne na gargajiya. Mutum na shan ƙwayar suga, yana kuma shan jiƙo safe da yamma, ga garin da aka sayo a mota mai lasifika ranar kasuwa. Likita ya tambaya ya ce ba ya shan komai. Ku rubuta har da su, ba wanda zai kama ku.

Baffa Jauro:
To duk kun zagaya kun dawo kan littafina. Dakta ya ce abin da yake so bai fi tafin hannu ba. Sista ta ce kati a jaka. Alaramma ya ce takarda mai hatimi. Ina wayar take?

Habu Mai Caji:
Baffa, wayar tana wurin da littafinka zai kasance ranar da ruwa ya kai iya wuya. Ka tambayi Sabo.

Sabo Mai Shinkafa:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga inda aka kwana. Na kira yaron, ya ce tawa mai ajiyewa a intanet ce, amma da imel ɗinsa ya buɗe, ba nawa ba. Ke nan in ya tafi bautar ƙasa ya canza layi sai Allah. Ya ce in ya zo hutu zai mayar kan nawa, in ma mun gano lambobin sirrin nawan, don ni rabona da su tun ranar da na sayi wayar.

Alaramma, na bi shawararka na tambayi Iya. Ta ce magani da awo in rubuta, amma akwai wata takarda ta asibitin mata da ta ce ko ni kada in buɗe, ta karɓe abarta ta mayar adaka. Ban ja ba.

Dakta, na sa 'yata ta rubuta sunayen magungunan da lambar kati a bayan kwalin magani, mun sa a 'yar leda, Iya ta ɗaure a bakin zane tare da kuɗin goronta.

Sista Mai Awo:
A bakin wane zanen? Tana da guda nawa?

Sabo Mai Shinkafa:
Sista kin kashe ni. Bari in je in duba wanda ta ɗaura yau.

Direban Maigatari:
Habu, in na shigo ranar Alhamis zan biyo da babbar wayar ka duba min imel ɗin nan. Nawa ne kuɗin aikin? Kada ka ce sai ka gani.